Neman Duhu a Bakin Kogin Gongola

Mai son kallon taurari duhu yake nema, shi kuwa duhu ya yi tsada a birni. Ko an ɗauke wuta, janareto da fitilun sola na bakin titi ba sa barin sama ta fito da kayanta. Shi ya sa da wani abokina ya ce zai je gaishe da baffansa a wani ƙauye da ke gaba da Dindima, a kan hanyar Bauchi zuwa Gombe, na ce ƙafarsa ƙafata. Ƙarshen Nuwamban 2024 ne, wata ya tsufa ba ya fitowa sai gab da asuba, hazo kuma bai riga ya sauko sosai ba. Kayana ba su da yawa: rigar sanyi, da abin hangen nesa mai ido biyu da na saya a gwanjo, da wani ƙaramin madubin hangen taurari mai ƙafa uku da na aro.

A Bauchin Yakubu muka karya da masa da miyar taushe, muka leƙa kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa muka yi masa addu'a, sannan muka nufi tasha. Da kwandasta ya ga ƙafafun madubin sai ya yanke hukunci cewa ni ma'aikacin awon fili ne. Wata tsohuwa da ke kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, ka dai bar mana gonakinmu." Na ce, "Inna, ni sama nake aunawa." Ta ce to wannan kam ba mai jayayya da ni a kanta.

Hanyar tana da daɗin kallo a wannan lokaci. An yanke dawa, dammuna na jingine a gonaki, shanu sun shiga cin kara, ga duwatsun ƙasar Bauchi can nesa sun yi shuɗi-shuɗi. A Dindima muka sauka kusa da gadar Gongola, muka sayi soyayyen kifi na tsaraba, 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu.

Baffa shi ne limamin ƙauyen, dattijo ne da ya haura saba'in. Bayan gaisuwa da shan fura, ina lura da shi ya miƙe ya fita tsakar rana, ya juya wa rana baya, ya dubi inda inuwarsa ta tsaya, ya bi ta da taku, dunduniya na taɓa yatsa. Ya dawo ya ce da saura, la'asar ba ta shiga ba. Akwai agogo a hannunsa, akwai kuma waya a aljihunsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, me aka ƙirga?" Ya ce tsayin mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. A wannan wata inuwar zawali takan kai ƙafa huɗu da ɗoriya, don haka sai inuwa ta haura sha ɗaya la'asar ke shiga. Agogo, in ji shi, batir yake ci, rana kuwa ba ta cin komai.

Wannan taku da ya yi shi ne mafarin ilmin falaki gaba ɗaya. Sama da shekara 2,200 da suka wuce, wani Bagirke mai suna Iratostinis, wanda ke riƙe da babban ɗakin littattafai na Iskandariyya, ya ji labarin cewa a Aswan da ke kudancin Masar akwai ranar da inuwa ke ɓacewa da tsakar rana. A irin wannan ranar ya duba inuwa a Iskandariyya, ya tarar rana ta karkace da wajen digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Sai ya ce ashe tazarar garuruwan biyu kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Ya ninka, ya sami adadin da bai yi nisa da kilomita 40,000 da muka sani a yau ba. Da na ba Baffa labarin bai yi wani mamaki ba. Ya ce ai a nan ma inuwa kan shige ƙarƙashin ƙafar mutum sau biyu a shekara, sau ɗaya cikin zafin bazara, sau ɗaya cikin marka. Haka yake kuwa. A daidai layin da Bauchi take, digiri 10 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, rana kan tsaya cak a kan kai a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Abin da Iratostinis sai labarinsa ya ji, mu a tsakar gidajenmu yake faruwa, ba mu ko ɗuƙawa mu duba.

Na ce masa yana da abokin sana'a a tarihi, Ibn Shaɗir na Dimashƙu, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1375. Aikinsa a Masallacin Banu Umayya shi ne tsayar da lokutan salla, shi ne kuma shugaban ladanai. Ya sassaƙa agogon inuwa na marmara aka ɗora a hasumiyar masallacin wajen 1371. Amma bai tsaya nan ba. Lissafin tafiyar wata da aka gada daga Baɗlamus, masanin Iskandariyya da ya rubuta Almajisɗi wajen shekara ta 150, yana da wani aibi babba: in da gaskiya ne, da akwai daren da wata zai kusanto har girmansa ya kusa ninkawa a ido. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Ibn Shaɗir ya sake gina lissafin har ya dace da abin da ido ke gani. A shekarun 1950 masu bincike suka gano cewa tsarin wata da Kofanikus na ƙasar Folan ya fitar a littafinsa na 1543, littafin da ya ce duniya ce ke kewaya rana, daidai yake da na wannan ladani. Baffa ya yi murmushi ya ce a gaya wa ladaninsa, wanda ko asuba sai an buga masa ƙofa.

Muna idar da magariba Zara ta bayyana a yamma, tana walƙiya ita kaɗai. Kafin in gama kafa madubin yara sun cika fili. Abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne a cikin madubin Zara ba ɗigon haske ba ce, ba kuma zagayayya ba ce cif, gefe guda a gutsure yake. Na ce musu ita ce dai Gamzakin da ke fitowa da asuba a wasu watanni, duniya ce mai kewaya rana, hasken rana take aro, shi ya sa take cika tana raguwa. Galiliyo na Italiya ya ga haka a ƙarshen 1610, ya kuma gane cewa tsarin Baɗlamus ba zai iya bayyana wannan ba. Da dare ya ɗan yi muka juya gabas, inda Mushtari, babbar duniyar nan mai kewaya rana, ya taso kusa da jan tauraron nan Dabaran, ƙasa da Kaza da 'Ya'yanta. Ga ƙananan ɗigo a jere a gefensa. Su ne watannin da Galiliyo ya gano a Janairun 1610, guda huɗu, da madubin da bai kai wanda na aro kyau ba. Ya bi su dare bayan dare yana zana inda kowanne ya koma, har ya tabbata Mushtari suke kewayawa, ba mu ba. A 1633 kotun coci a Rum ta tilasta masa janye maganarsa, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642.

Baffa ne na ƙarshen leƙawa. Ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya ce, "Tabarakallah." Sannan ya zauna a buzunsa ya shiga karanto mini taurarin shekara da ka, guda 28, bakwai-bakwai ga kowane yanayi. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai 14, in ka haɗa ka sami 365. Ya san wanda ake shuka a cikinsa, da wanda ruwa ke yawaita, da wanda in ya shiga an makara. Ya ce yanzu Ƙalbu ke fita, Shaula za ta shiga, ita ce ƙofar ɗari. Na roƙe shi ya nuna mini Shaula. Ya ce tauraron da ake ciki ba a ganinsa, don rana ta sauka a wajensa. Wannan amsa ce ta mai ilmi, ba ta mai hadda kawai ba. Surayya, wato Kaza da 'Ya'yanta, da Dabaran da Haƙ'a ya nuna mini su da sanda ba tare da lalube ba. Amma ya ce sauran yawancinsu da suna ya san su. Malamin malaminsa ne ya san su da ido, yana fita da almajirai kafin asuba yana nuna musu.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a nan ne nake ganin sarƙar ta tsinke. Jadawalin yana hannunmu, ana buga shi a kalanda, ana karanta shi a rediyo da damina, amma fita a gwada shi da sama an daina. Shi kuwa jadawalin taurari ba ya zama daidai har abada. Taurari suna zamewa daga yanayin shekara a hankali, wajen digiri ɗaya duk shekara 72, saboda sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi. A shekara dubu zamewar ta kai wajen mako biyu, tauraro guda ke nan cur. Hifakus Bagirke ne ya fara lura da haka a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Baɗlamus ya ce digiri ɗaya ne a shekara 100, aka yi ta kwafar wannan adadi. Da Albattani ya zo, mutumin Harran da ya zauna a Raƙƙa ta ƙasar Sham, sai ya shafe kimanin shekara 40 yana awo da kansa, ya ce a'a, shekara 66 ce. Ya kuma auna tsawon shekara ya sami kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, bambancinsa da awon yau bai kai minti uku ba. Ya rasu a 929. Ya girmama Baɗlamus, ya karance shi tsaf, amma da littafi da sama suka saɓa, sama ya bi.

Duk wanda ya yi suna a wannan fanni, in ka bincika, halinsa ke nan. Kefla na Jamus ya gāji awon da Taiko Birahe na Denmak ya tara na shekaru ba tare da madubi ba. Ya yi lissafin tafiyar duniyar Mirrihu a kan cikakkiyar da'ira, lissafin ya kusa dacewa, saura minti 8 na digiri, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin wata a ido ba. Wani da ya share ya ce kuskuren awo ne. Shi ya ce Taiko ba ya kuskure mai girman haka, ya watsar da aikin shekaru ya sake, har ya gano a 1609 cewa hanyar ba da'ira ba ce, ta ɗan yi tsawo ta gefe biyu, kusan siffar ƙwai. A kan dokokinsa Niyuton ya gina bayanin jan nauyi a 1687. Ni a wurina waɗannan minti takwas sun fi labarin Galiliyo da kotu daraja, ko da yake na Galiliyo aka fi so a ba yara.

Bayan isha'i, da aka rage hayaniya, na nemi abin da ya fi kawo ni. A sama can, an ɗan karkata arewa, akwai tauraron da ke cikin jerin Baffa na bazara, Baɗnul Hutu. In ka bi ta gefensa ka tsallake ƙananan taurari biyu, za ka ga wani ɗan dusu-dusu da ido zalla, muddin akwai duhu na gaske. A ƙauyen nan ya fito sarai. Abdurrahman Assufi ya rubuta shi a littafinsa na siffofin taurari a 964, ya kira shi ɗan gajimare, kuma wannan ne rubutu mafi daɗewa da ake da shi a kansa. Shi ma Assufi bin taurarin Baɗlamus ya yi ɗaya bayan ɗaya yana gyara ƙarfin haskensu. Sai a 1923 Edwin Habul, da katon madubin Dutsen Wilson a Amurka, ya hango wani tauraro mai ƙyaftawa a cikin gajimaren, ya auna nisansa, aka gane ashe wani gari ne na taurari daban da namu. Hasken da ya shiga idonmu a daren nan ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Wata jikar Baffa, 'yar sakandare, wadda tun farko ta riƙe madubin ta hana maza sakat, ta ce, "Kawu, duk maza ne? Ba mace ko ɗaya?" Na ce ma'aunin da Habul ya yi aiki da shi ma na mace ne. Henriyeta Libit, wadda ake biya 'yan kuɗi kaɗan a Jami'ar Habad ta Amurka don ta duba hotunan sama, ita ta gano a 1912 cewa irin waɗannan taurari, gwargwadon jinkirin ƙyaftawarsu gwargwadon ainihin haskensu. In ka san ainihin haske, ka ga yadda ya dushe, ka san nisa. A 1925 Sisiliya Fen ta nuna cewa taurari yawancinsu iskar haidurojin ce da hiliyam, manya suka ƙi yarda, daga baya suka dawo kan maganarta. A Halab ta ƙasar Sham kuma, a ƙarni na 10, akwai wata da ake kira Al'ijliyya da ke ƙera usɗurlabi, faifan tagullar da ake auna tsayin taurari da shi, a fadar Saifud Daula. Yarinyar ta sa na maimaita sunayen ta rubuta a bayan littafin lissafinta da hasken waya, abin da ya kashe mana ganin duhu na ɗan lokaci, amma ban ce komai ba.

Ana cikin haka wani maƙwabci ya matso kusa da ni ya rage murya, wai an ce baƙo mai duba ya zo, shi kuwa sa ya ɓace masa tun ranar kasuwa. Baffa ya ji, ya yi dariya har da tari. Ya ce masa wannan ba duba ba ne, ya karanto "wa bin najmi hum yahtadun," ya ce taurari na sanin hanya ne da lokaci, gaibu kuwa na Allah ne, ya je ya tambayi Fulanin da ke mashaya. Gaskiyar tarihi dai ita ce ilmin biyu sun daɗe a kwano ɗaya. Kefla kansa ya ci abinci da yi wa sarakuna duba. Namu na gida, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya yi rubutu a kan taurari da ɗalasimai, ya kuma bar aiki a kan hatimi, wato murabba'in lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya, wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Abin da ya rage mai amfani daga dukkansu shi ne abin da wani zai iya sake aunawa ya tabbatar.

Kafin mu kwanta na nuna wa yaran tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. A nan tsayinsa daga ƙasa bai wuce dunƙulen hannu ɗaya ba in ka miƙa hannunka, wajen digiri 10. A Katsina ya kusa 13. Duk tafiyar kilomita 111 zuwa arewa yana ƙara digiri ɗaya, kuma da irin wannan dabara ce masanan da Halifa Ma'amun ya aika filin Sinjar wajen 830 suka sake auna girman duniya.

Da safe muka hau wani ɗan dutse a bayan gari, ana hango Gongola ta ja baya ta bar yashi da gonakin rani. Na tuna Albiruni, wanda daga kan dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna yadda bakin sama ke sunkuyawa ƙasa da idon mai kallo, ya fitar da girman duniya shi kaɗai ba tare da ya aiki kowa sahara ba. A kan dutsen abokina ya ɗauko zancen da ake yawan yi a Facebook, cewa duk ilmin nan namu ne Turawa suka sace. Ban yarda da shi ba. Bagadaza ta karɓa daga Girka da Indiya da Farisa, ta gyara ta ƙara, Turai ta karɓa daga gare ta. Kuma wani abin da hannunmu muka rushe. Ulug Beg, jikan Taimur, ya gina ɗakin duban taurari a Samarƙandi, ya fitar da jadawalin taurari 1,018 a 1437, aka kashe shi a 1449 da umarnin ɗansa, ginin ya zama kufai. Na Taƙiyyuddin a Istanbul an kammala shi a 1577, aka rushe shi a 1580, a daidai shekarun da sarkin Denmak ya ba Taiko tsibiri guda ya ce ya yi ta awo. Abokina ya ce ni dai ba na son a yi alfahari. Na ce a yi, amma wanda ke alfahari da Assufi ya kamata a ce ya taɓa ganin ɗan gajimaren nan da idonsa.

Tunda mun zo kusa, muka shiga Yankari ta ƙofar Mainamaji, muka yi wanka a ruwan ɗumin Wikki wanda zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, muka yi ta fama da gwaggon biri a kan ledar burodi. Giwa dai sai sawunta.

Da muka koma ɗaukar kaya, Baffa ya ja ni gefe, bayan masallaci. Ya ce tun yana yaro ake gardama a kan alƙiblar wannan masallaci, wasu na cewa ta yi gabas da yawa, kuma shi bai amince da kibiyar waya ba, don ta wannan ta nuna nan ta wancan ta nuna can. Na ce akwai hanyar da ba ta buƙatar waya. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai kan Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda a miƙe, a ja layi a kan inuwarta, a tsaya a ƙarshen inuwar a dubi sandar. Ya sa jikar tasa ta rubuta ranakun da lokutan a bangon littafinsa na Risala, ya duba ya tabbata ta rubuta daidai.

Ya ce, "Na Mayu zan gwada, na Yuli hadari zai iya hanawa. Amma ɗana, kada ka faɗa wa kowa tukuna. In ta fito daidai, ni zan sanar ranar Juma'a. In kuwa ta karkace, sai na fara shawo kan wanda kakansa ya gina masallacin."